Kafin Alƙalami Ya Hau Takarda: Ina Ɗaliban Tasawa da Mayahi Za Su Samo Abin Rubutawa?

Duk malamin da ya taɓa gyaran takardun insha'i, ko ya duba kundin ɗalibin jami'a, ya san wannan kukan: "Malam, na gane tambayar, amma ban san abin da zan ce ba." Ana jin sa a azuzuwan ƙarshe na lise a Tasawa da Mayahi idan jarrabawar BAC ta ƙarato. Yakan kuma bi yaran har Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, ko ta André Salifou a Damagaram, ko ta Abdou Moumouni a Yamai, inda ake jira su kawo maudu'in bincike na ƙashin kansu. Wasu malamai kan ɗora laifin a kan lalaci, wasu a kan wayar hannu, wasu a kan raunin Faransanci. Kowa da ɗan kasonsa na gaskiya. Amma akwai abin da ba a cika faɗa ba. Daga ajin farko na firamare zuwa BAC shekara 13 ne, kuma a tsawon wannan lokaci ana koya wa yaro yadda ake tsara rubutu da yadda ake gyara shi, da wuya a zauna a koya masa yadda ake nemo abin da za a tsara ɗin.

Nemo ra'ayi aiki ne da ake koyarwa. Yana da hanyoyi sanannu, an gwada su a ƙasashe da dama, an san inda suke amfani da inda suke gazawa. Yaron da ya tashi a Korgom ko Kanembakashe kuwa bai zo aji da kai wayam ba. Ya zo da sanin gona da kasuwa da dabba da halin mutane, irin sanin da marubutan littattafan da yake haddacewa ba su da shi. Aikin malami shi ne ya nuna masa cewa wannan sanin yana da izinin hawa takarda, sannan ya koya masa yadda ake juya shi ya zama tambaya.

Inda gizo ke saƙa

Dalili na farko yana cikin yadda ake ba da darasi. Inda littafi ya yi ƙaranci, allo ne ke zama littafi. Malam ya rubuta taƙaitaccen darasi, ɗalibai su kwafa, su haddace, ranar jarrabawa su mayar masa da kayansa. Ba a ga laifin malamin da ke fama da aji cike maƙil ba. Da abin da ya samu yake aiki. Sai dai yaro yana ɗaukar wani darasi da ba a rubuta a allo ba, wato amsa tana wurin malam, kuma duk abin da bai fito daga bakinsa ba bai kai a kira shi ilimi ba. Ranar da aka ce masa "mene ne ra'ayinka?" sai ya shiga laluben abin da malam yake so ya ji.

Na biyu shi ne harshe. Ɗalibi yana tunani da Hausa, wani da Fulatanci ko Tamajak, amma ana so ya rubuta da Faransanci marar aibi. Da ra'ayi ya leƙo, kafin ya gama fitowa an tare shi da tambayar ko kalmar nan namiji ce ko mace, ko aikatau ya dace da lokacinsa. Masu bincike biyu na Amurka, Linda Flower da John Hayes, sun nuna a 1981 cewa mai rubutu yana juya ayyuka uku ne a kansa: shiryawa, da zuba tunani cikin jimla, da dubawa. Ukun nan suna gogayya a kan hankali ɗaya. Idan tsoron jan biro ya cinye hankalin, babu abin da zai rage wa tunani.

Na uku shi ne an sa tsari a gaban abin tsarawa. Ɗan ajin ƙarshe ya san gabatarwa da kammalawa, ya san shirin nan mai kashi uku da aka gada daga makarantun Faransa: a kawo ra'ayi, a kawo kishiyarsa, a sasanta su. Shiri ne mai kyau. Amma wanda ba shi da abin cewa zai cika kashi ukun ne da jimlolin da suka dace da kowane maudu'i, da sunayen masana biyu ko uku da ya haddace ba tare da ya karanta su ba.

Akwai kuma kunya. An yi wa yaro tarbiyyar kada ya yi musu da babba, kuma tarbiyya ce mai daraja. Abin da ba a rarrabe masa ba shi ne, tambayar dalilin magana daban take da raina mai maganar.

Duk da haka, a je fadar samari da dare a kowace unguwa ta Tasawa, a zauna har shayi na uku. Yaron da ya kasa cika rabin shafi da safe shi ne zai yi sa'a biyu yana kare ɗan kokowar da yake so, yana kawo tarihi, yana rushe hujjar abokinsa, yana ba da misali. Kayan aikin duk suna nan. Hanyar da za su bi su isa takarda ce ta toshe.

Magabata sun san da wannan

Masana balagar Girka da Rum sun kasa aikin mai jawabi gida biyar, kuma na farko a jerin shi ne nemo abin faɗa. Tsarawa da ƙawata lafazi suna biyo baya ne. Aristotal ya tanadi jerin kusurwoyin da ake leƙa kowace mas'ala ta cikinsu: mene ne abin, me ya jawo shi, me ya haifar, da me ya yi kama, mene ne kishiyarsa. A wajen Larabawa, Al-Jahiz ya adana nasihar Bishr ɗan Al-Mu'utamir a littafinsa Al-Bayan wat-Tabyin, inda ake shawartar marubuci ya nemi lokacin da yake cikin nishaɗi zuciyarsa ba ta da damuwa, in kuma magana ta ƙi zuwa ya bar ta ya dawo daga baya, kada ya tilasta mata.

Adabin Hausa na zamani ma ta wannan ƙofa ya shigo. A gasar ƙagaggun labarai ta 1933 da Rupert East ya shirya a Zariya, kowane marubuci ya ɗebo ne daga abin da ke kusa da shi. Bello Kagara ya gina Ganɗoki a kan labarun yaƙe-yaƙen zuwan Turawa da suke bakin mutane. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya ɗauko Shaihu Umar daga zamanin bauta da fataucin hamada. Da Abubakar Imam ya zauna rubuta Magana Jari Ce, an tara masa littattafan tatsuniyoyin Larabawa da na Turai da na Indiya, ya karanta, ya sarrafa su suka zama na Hausa. Babu ɗayansu da ya zauna gaban farar takarda yana jiran ilhama ta sauko. Ga dabarun da malami zai iya shiga aji da su gobe, ba tare da ya sayi komai ba.

Rubutun ba-tsayawa

Peter Elbow ne ya yaɗa wannan hanya da littafinsa na 1973, Writing Without Teachers. Ƙa'idarta guda ce: minti goma ana rubutu, hannu ba ya tsayawa, ba a gogewa, ba a komawa baya. Wanda ya rasa abin cewa ya rubuta cewa ya rasa, har wani abu ya zo. Malam ba ya karɓar takardar, ba ya ba ta maki. Wannan sharaɗin shi ne ran dabarar, domin da zarar yara sun ji za a duba, tsoron nan zai dawo.

A ɗauka an ba aji wannan maudu'i: shin ci-rani alheri ne ga ƙauye ko hasara? Wata ɗaliba za ta iya fitowa da irin wannan: "Ban san abin da zan rubuta ba. Ci-rani tafiya ce neman kuɗi. Yayana ya tafi Agadas bayan girbi. Ya aiko kuɗi aka sayi hatsi da bazara. Amma da ruwa ya sauka bai dawo ba, Baba ya ɗauki 'yan ƙwadago suka yi noman fari, kuma da kuɗin da ya aiko aka biya su. To ina ribar?" Layukan farko ba su da amfani, kuma ba a sa ran su yi. Na ƙarshen ne ake nema. Sai malam ya ce kowa ya karanta nasa a zuci, ya ja layi ƙarƙashin jimlar da ta fi ba shi mamaki, ya ɗora ta a saman sabon shafi, a sake minti goma daga nan. A zagaye na biyu yarinyar nan ta bar maganar ci-rani gaba ɗaya, ta kama tambayar da masana tattalin arziki ke tafka muhawara a kai: shin kuɗin da matafiyi ke aikowa yana maye gurbin ƙarfin da gandu ya rasa?

Jerin tambayoyi

Wannan ita ce hanyar Aristotal a sauƙaƙe, kuma ta fi dacewa da ɗalibin da ke neman maudu'in kundi. A ɗauki abu ɗaya da kowa ya sani, a yi ta jefa masa tambaya: wa, me, ina, yaushe, yaya, don me, wa ya ci riba, wa ya yi hasara, yaya abin yake a da.

Gulbin Kaba ya ratsa ƙasar Mayahi, kuma goruba ce arzikinsa. Ɗan Mayahi da aka ce ya yi rubutu a kan goruba zai ce itace ne mai amfani, ya tsaya. A sa shi ya bi jerin. Wa ke yankan kaba, mata ne ko maza ko yara? A gonar wa, kuma da izinin wa? Tabarmar da aka saƙa, nawa mai saƙar ke samu, nawa dillali, nawa wanda ya kai ta wata kasuwa? A wane wata aka fi yanka, kuma me ya sa ya zo daidai da lokacin da rumbu ya yi ƙasa? Idan ana yanke ganyen tun yana ƙarami kowace shekara, yaushe zai tashi ya zama goruba mai 'ya'ya? Makiyayin da ke bi ta gulbin da rani, yana da haƙƙi a ciki? Me dokar ƙasa ta 1993 kan filayen karkara ta tanada, kuma kwamitocin filaye da ta kafa suna sa baki a irin wannan? Cikin kwata ɗaya na sa'a an samu maudu'in ɗan tattalin arziki, da na ɗan shari'a, da na ɗan aikin gona, da na mai nazarin zamantakewa, duk daga abin da yaron ke wucewa ta gabansa kullum.

Haɗa kai, amma bayan kowa ya yi nasa

Zubo ra'ayoyi a rukuni ba tare da suka ba dabara ce da Alex Osborn, wani mai harkar talla a Amurka, ya bayyana a littafinsa na 1953. Ta yi farin jini ƙwarai. Sai dai bincike ya nuna tana da rauni. Michael Diehl da Wolfgang Stroebe a Jamus sun gano a 1987 cewa mutanen da suka zauna kowa shi kaɗai, aka haɗa abin da suka rubuta daga baya, sun fi masu zama tare yawan ra'ayoyi. Babban dalilin shi ne jiran layi: kafin magana ta zo kanka ka manta abin da za ka ce, ko ka raina shi.

A azuzuwanmu matsalar ta fi haka. Yara biyu ko uku da bakinsu ya faɗa da Faransanci su ke kwashe filin, 'yan mata da yawa kuma su yi shiru. Maganin yana da arha. A yaga shafi gida huɗu, kowa ya rubuta ra'ayi uku ba tare da sa suna ba, a tattara, a karanta a allo. Ko a bi tsarin da Frank Lyman ya fito da shi a 1981: kowa ya yi tunani shi kaɗai, ya tattauna da na kusa da shi, sannan a buɗe wa aji duka. Wanda ya riga ya faɗi maganarsa ga mutum ɗaya ya ga ba a yi masa dariya ba, zai fi iya faɗinta ga mutum sittin.

Abin da aka tara sai a zana shi. A rubuta maudu'in a tsakiyar allo, a fitar da rassa: kuɗi, gona, aure, karatu, lafiya, hanya da haɗarinta. Wannan ita ce taswirar tunani da Tony Buzan ya yi suna da ita a shekarun 1970. Amfaninta yana bayyana ne lokacin da aka ja layi tsakanin rassa biyu da ba a zaci suna da alaƙa ba, misali tsakanin tafiyar maza da ƙaruwar aikin gona a kan mata.

"Idan ka ce, sai in ce"

Kashi na biyu na shirin insha'i, wato kawo kishiyar ra'ayi, shi ya fi wahalar da ɗalibai, domin suna ganin kamar ana so su ƙaryata kansu. Alhali duk wanda ya zauna a zauren karatu ya ji wannan salo. Malaman fiƙihu da tauhidi sukan kawo hukunci, sannan su ɗauko ƙorafin da mai musu zai iya yi, su amsa shi: idan ka ce kaza, sai in ce kaza. Ba a taɓa ɗaukar wannan a matsayin rashin ladabi ba. Alamar zurfin ilimi ce. Malami zai iya aro shi kai tsaye. Ɗalibi ya rubuta ra'ayinsa a jimla ɗaya, ya miƙa wa abokinsa, abokin ya rubuta ƙorafi mafi ƙarfi da zai iya, a mayar masa ya amsa. Sharaɗin shi ne ƙorafin ya zama wanda mai hankali zai iya yi. Daga nan yaro zai gane cewa kishiyar ra'ayi mutum ce mai hujja da ke zaune kusa da shi.

A fita daga aji

Célestin Freinet, wani malamin ƙauye a kudancin Faransa a shekarun 1920, yakan fita da yaransa su zaga gari, su ga masaƙa da maƙera, su dawo su rubuta abin da suka gani, har su buga shi da ɗan injin ɗab'i. Ƙasar Tasawa da Mayahi cike take da irin wannan abin gani.

A Maijirgi akwai kaburburan Voulet da Chanoine, hafsoshin Faransa biyu da suka ratso ƙasar Hausa suna ƙone garuruwa, har sojojinsu suka juya musu baya suka kashe su a watan Yulin 1899, kwanaki kaɗan bayan an harbe wani hafsan Faransa, Kanar Klobb, a Dankori. Littafin tarihi yana ba da wannan a sakin layi ɗaya. Me jikokin mutanen da abin ya faɗa wa suke riƙe da shi? Abdoulaye Mamani ya ɗauki wani ɓangare na wannan tarihi, turjiyar Sarauniyar Lugu, ya rubuta littafinsa Sarraounia a 1980, Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986. Ɓangaren Tasawa ma ya cancanci irin wannan aiki daga 'ya'yanta. Heinrich Barth ya sauka Tasawa a watan Janairun 1851 kan hanyarsa ta zuwa Katsina da Kano, ya bayyana garin da kasuwarsa. Ɗalibi zai iya karanta bayaninsa, ya shiga kasuwar yau, ya jera abin da ya ɓace da abin da ya rage. Emmanuel Grégoire ya yi littafi sukutum a 1986 a kan alhazan Maraɗi da fataucinsu. Ƙungiyoyin asusun Mata Masu Dubara, da suka faro a jihar Maraɗi a 1991, yau ana koyi da su a ƙasashe masu yawa. Sassaben zamani, wato barin kututture ya toho a gona a riƙa yi masa aski, ya bazu daga wannan jiha tun farkon shekarun 1980 da ƙoƙarin Tony Rinaudo da manoman da suka karɓe shi, har masana na nesa suna zuwa gani.

Fita neman labari tana da ladabinta, kuma koyar da shi ɓangare ne na darasin. A fara da mai gari. A yi gaisuwa cikakkiya kafin a ciro takarda. "Baba, malaminmu ne ya turo mu neman sani, in babu damuwa." A guji tambayar da amsarta i ce ko a'a. "Inna, yaya kuke yi da bazara kafin a kafa asusun nan?" ta fi "asusun yana da amfani?" buɗe baki sau goma. Kada a rubuta sunan kowa sai da yardarsa. A dawo da abu uku: abin da aka gani, abin da aka ji, da abin da bai daidaita tsakanin bakin mutum biyu ba. Na ukun nan ne ya fi haifar da rubutu mai kyau.

Da wane harshe za a yi tunanin?

Wasu malamai za su ce jarrabawa da Faransanci ake yin ta, barin yaro ya yi daftari da Hausa ɓata lokaci ne, kuma zai koya masa fassara kalma da kalma. Fargabar tana da tushe. Wanda ya rubuta cikakkun jimloli da Hausa ya zauna juya su zai fito da Faransanci mai karkata. Amma abin da ake nema a matakin farko gajerun kalmomi ne da sunaye da tambayoyi, waɗanda za a gina jimlar Faransanci a kansu daga baya. Alexander Friedlander ya gwada wannan da ɗalibai 'yan Sin a wata jami'ar Amurka, ya wallafa sakamakon a 1990: shirinsu da rubutunsu sun fi kyau idan sun yi shirin da harshen da suka san maudu'in da shi. Wanda ya san gandu da gamana da Hausa, da Hausa zai fi tuno su.

Wannan ba baƙon tunani ba ne a Nijar. Abdou Moumouni ya yi kira a koyar da harsunan gida tun a littafinsa na 1964 kan ilimi a Afirka. An buɗe makarantar gwaji ta farko mai Hausa da Faransanci a Damagaram a 1973, dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa gurbi, kuma kundin mulkin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Ko me za a yi da wannan a manhaja nan gaba, malami ba ya bukatar jiran umarni kafin ya ce wa ajinsa: minti goman farko, kowa da harshen da tunaninsa ya fi gudu a ciki.

Daga tarin ra'ayoyi zuwa tambaya ɗaya

Tara ra'ayi rabin aiki ne. Bayan an buɗe ƙofa an bar komai ya shigo, sai a sauya hali a zama mai tsanani. Kowane ra'ayi a auna shi da abu uku. Shin masu hankali za su iya saɓani a kansa? Ina da hujja, ko na san inda zan same ta? Zai shiga cikin lokaci da shafukan da aka ba ni? "Ci-rani a Nijar" ya faɗi a awo na uku. "Ci-rani yana raba iyali" ya faɗi a na farko. "Me ya sa a ƙauye ɗaya wasu gidaje ke ƙaruwa da ci-rani wasu kuma ke komawa baya?" ya tsallake duka.

A nan ne kuma ake koya wa ɗalibi cewa labarin yayansa misali ne guda, bai zama hujja a kan kowa ba sai an gwada shi da na wasu da abin da aka rubuta. Haka ma a darasin falsafa. Idan aka tambaya ko doka da adalci abu ɗaya ne, yaron da ya taɓa ganin an sasanta manomi da makiyayi kan burtali a gaban mai gari ya riga ya san inda tambayar ke ciwo. Idan ya zo karanta Rousseau bayan haka, zai karanta shi yana neman amsa, kuma abin da ya ɗauko zai zauna daram a cikin rubutunsa.

Iyakar dabara

Duk waɗannan hanyoyi guga ne da igiya: suna ɗebo abin da ke cikin rijiya, ba sa ƙara mata ruwa. Karatu da kallo da sauraro ne ke ƙarawa. Saboda haka kowane ɗalibi ya kamata ya riƙe ɗan ƙaramin littafin aljihu, ya riƙa ajiye abin da ya ji a rediyo, da farashin tiyar hatsi daga girbi zuwa bazara, da jimlar da ta tsaya masa a wani littafi. Makarantar da ba ta da ɗakin karatu za ta iya farawa da akwati ɗaya da ake juyawa tsakanin azuzuwa.

Sai batun waya. Tun fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022, ɗalibi zai iya samun ra'ayi goma a tsare cikin ƙiftawar ido. Hana shi ba zai yiwu ba, kuma kayan suna da amfani wajen gwada hujja ko gano abin da aka manta. Haɗarin yana cikin wanda ya fara zuwa. Ra'ayin da mutum ya fara gani yakan mamaye wurin, nasa kuma ya fasa fitowa. Abin da na'urar za ta ba ɗan Isawan shi za ta ba ɗan Dakar, domin ba ta san wa ke yankan kaba a gonar wa ba. Ƙa'idar da ta dace ita ce kai tukuna, waya daga baya.

Abin da ake nema daga masu ruwa da tsaki bai da yawa. Malamin Faransanci da na falsafa da na tarihi su ware minti goma sha biyar a mako don wannan aiki kaɗai. A riƙa karɓar daftari tare da insha'i, a ba da wani kaso na maki ga ingancin tambayar da ɗalibi ya gano, domin abin da ake ba maki shi yara ke ɗauka da muhimmanci. Makarantun horar da malamai da masu duba makarantu su sa wannan cikin abin da suke koyarwa da abin da suke dubawa. A jami'a kuma, kafin a miƙa wa ɗalibi jerin maudu'an da aka saba maimaitawa, a tura shi gida hutu ya dawo da tambaya biyar.

Gundumomin Tasawa da Mayahi suna fuskantar ƙarancin gona, da ruwan da ba ya zuwa a kan kari, da samari masu tafiya, da 'yan matan da ake cirewa daga makaranta. Za a ci gaba da yin rubutu a kan waɗannan matsaloli, kuma a kan rubutun ne ake gina shawarwarin da ke dawowa kan mutane. Idan 'ya'yan ƙasar ba su koyi ɗora tambayoyinsu a takarda ba, wasu za su ɗora nasu, da idonsu da bukatunsu. Wannan ya isa dalilin da zai sa a ɗauki koyar da nemo ra'ayi da muhimmancin da ake ba nahawu, a kuma fara tun daga kwaleji.